Ƙurajen yara da suka ƙi jin magani: Shin abinci ne ke jawo su?

A gidaje da dama labarin kusan iri ɗaya ne. Yaro ɗan wata takwas ko ɗan shekara biyu ya kwana yana susa, kumatunsa sun yi kaushi, tsakar kansa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. An sayo man shafawa a kemis, ƙurajen sun kwanta na mako guda, sun sake tasowa. Daga nan sai shawarwari su fara shigowa: kaka ta ce zaƙi ne, maƙwabciya ta ce maiƙo ne, abokin aiki a ofis ya ce ya gani a intanet cewa madarar shanu ce. Kafin a ankara an cire ƙwai, an cire gyaɗa, an cire kifi da madara, an bar yaro da kunu zalla, shi kuwa ƙaiƙayi yana nan inda yake.

Zargin da iyaye ke yi wa abinci yana da tushe. Akwai alaƙa tsakanin wani nau'in ciwon fata na yara da rashin jituwar jiki da wasu abinci, abin da likitoci ke kira alaji. Sai dai alaƙar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna sau da yawa daga fatar matsalar ke farawa kafin ta kai ga abinci. Saboda haka tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane irin ciwon fata ne yaron ke ɗauke da shi, domin mafi yawansu babu ruwansu da abin da ya ci.

Ciwukan da babu ruwansu da abinci

Jariri ɗan makonni ko watanni kaɗan kan fito da ɓamɓaroki mai maiƙo, launin ruwan ɗorawa, manne a tsakar kai, wani lokacin har gira da bayan kunne. Yana da munin gani amma ba ya ƙaiƙayi, jaririn na barcinsa yana shan nononsa. Wannan amosanin jarirai ne, yana da nasaba da yawan maiƙon da fatar kai ke fitarwa a farkon rayuwa, kuma galibi yakan tafi da kansa kafin yaro ya cika shekara. Abin da yake buƙata shi ne a shafa ɗan basilin a bar shi ya yi laushi, a wanke da sabulu mara ƙarfi, a goge a hankali da buroshi mai taushi. Ɓamɓare shi da farce ne ke jawo rauni. Uwar da ta daina shan madara saboda wannan ta takura wa kanta ne kawai.

A yaran da suka tasa, daga shekara uku zuwa balaga, babban abin da ke cin kai a ƙasar Hausa shi ne maƙero, wanda wasu ke kira ƙora. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana shiga cikin silin gashi ta karya shi, sai a ga fili-fili masu farin ɓawo inda gashi ya zube. Tana yaɗuwa ta kilifa da askar wanzami, da mataji, da hula, da matashin kai, shi ya sa take yawa a makarantun allo da na kwana da gidajen da yara ke da yawa. Idan ta yi tsanani wurin kan kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa, har kaluluwa ta fito a wuya, a ɗauka maruru ne a je a tsaga, alhali ba tsagawa yake so ba.

Dalilin da ya sa maƙero ke shekara a kan yaro ana ta shafe-shafe a banza shi ne man shafawa ba ya ratsa silin gashi ya kai inda ƙwayar take. Maganin sha ake buƙata, irin su girisiyofulbin, na tsawon makonni shida zuwa takwas bisa awon nauyin yaro, kuma likita ne zai ƙayyade. Wanda ya tsaya a mako na biyu saboda ya ga sauƙi, zai sake ganin ciwon. Idan aka bar shi ya daɗe da kumburi yana iya barin tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kai ba.

Sai ƙazuwa, wadda wani mitsitsin ƙwaro ke haddasawa ta hanyar haƙa rami a cikin fata. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da gindi, a jarirai kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a shekarar 2017, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 da ke ɗauke da ita. Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a duba sauran mutanen gida: idan uwa na susa, yaya na susa, mai aiki na susa, to da wuya a ce ƙwai ne. Maganinta sai an haɗa kowa da kowa a gidan rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado, in ba haka ba wanda aka bari zai mayar wa sauran. Ba ciwon rainawa ba ne, domin ƙurajen da susa ta fasa kan kamu da wasu ƙwayoyin cuta da ke iya taɓa ƙodar yaro.

Ƙurajen zafi kuwa kowa ya san su: suna zuwa da bazara, suna tafiya idan an rage wa yaro kaya.

Wanda ke da alaƙa da abinci

Ciwon da ake danganta shi da abinci da hujja shi ne ekzima, wadda wasu ke kira kirci. A ƙasashe da yawa tana kama tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na yara, kuma yawanci tana farawa kafin shekara ɗaya. A jariri takan fito a kumatu da goshi da fatar kai da bayan hannuwa da ƙafafu, amma abin mamaki takan bar wurin da famfas ke rufewa, saboda danshi. Idan yaro ya girma sai ta koma lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Tana bin jini, shi ya sa ake yawan samun mai asma ko mai yawan atishawa a dangin.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyaye masu bincike a waya. Hotunan da ke intanet mafi yawansu na farar fata ne, inda ekzima ke yin ja. A baƙar fata ba ta cika yin ja ba: takan yi duhu, ko toka-toka, ko ta fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar tsikar jiki ta tashi. Bayan ta warke takan bar wuri ya yi haske ko ya ƙara duhu na watanni, a ɗauka kyasbi ne ko wani sabon ciwo.

Asalin ekzima rauni ne a saman fata. Fatar mai lafiya tamkar katangar bulo ce da aka yi wa yaɓe, tana riƙe danshi a ciki tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. A mai ekzima yaɓen ya tsattsage. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotland suka gano cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke ƙera wani furotin na fata mai suna filagirin na cikin manyan dalilan wannan rauni. Irin tawayar da aka gano a Turawa ba ta da yawa a 'yan Afirka, amma raunin katangar na nan. Shi ya sa iskar hunturu, da sabulu mai ƙarfi, da ruwan wanka mai zafi, da gumi, da tufafin leda ke tayar da ciwon fiye da kowane abinci.

To ina abinci ya shigo? Cikin yaran da ekzimarsu ta yi tsanani, kusan ɗaya cikin uku na da alaji na gaske ga wani abinci, musamman waɗanda ciwon ya fara musu tun suna 'yan watanni. A masu ƙaramar ekzima adadin ya yi ƙasa sosai. Abincin da aka fi samu da laifi su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, alkama, waken suya, kifi da riɗi. Amma kasancewar yaro na da ekzima kuma yana da alaji ba ya nufin abincin ne ya haifar da ekzimar. Yara da yawa an cire musu abincin da jikinsu ba ya so, fatar kuma ta ci gaba da ƙaiƙayi.

Alaji na gaske yana da kamanni. Nau'i na farko na gaggawa ne: cikin 'yan mintoci zuwa awa biyu da cin abincin sai borin jini ya taso ruɗu-ruɗu, leɓe ko fatar ido su kumbura, yaro ya yi amai, kuma haka zai faru duk lokacin da ya ci. Idan abin ya kai ga sarƙewar numfashi, ko dashewar murya, ko yaro ya yi laushi ya langaɓe, wannan batu ne na rai da mutuwa. Allurar adiranalin ce maganinsa, a garzaya asibiti mafi kusa, kada a tsaya ba shi maganin mura ko manja. Nau'i na biyu a hankali yake zuwa, bayan awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, kuma an fi ganinsa da madarar shanu a jarirai: ekzima ta ƙara tashi, tare da gudawa, ko jini-jini a kashi, ko yawan amai da rashin ƙaruwar nauyi. Kumburin ciki da gudawar da wasu manyan yara ke yi bayan shan madara saboda cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta wani abu ne daban, ba ya taɓa fata.

Darasin gyaɗa

Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna ba da shawara irin ta kakanni: a nisanta yaro da abincin da ake tsoro. A 1998 hukumomin Birtaniya, sannan a 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, sun shawarci iyalan da ke da tarihin alaji da kada su ba yaro gyaɗa sai ya kai shekara uku. Alajin gyaɗa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

Farfesa Gideon Lack na Kwalejin King's da ke Landan da abokan aikinsa ne suka juya lissafin. A 2003 wani bincikensu ya gano cewa jariran da aka shafa wa mayukan da ke ɗauke da man gyaɗa a kan fata mai ƙuraje sun fi kamuwa da alajin gyaɗa. A 2008 suka kwatanta yaran Yahudawa mazauna Birtaniya da takwarorinsu na Isra'ila, suka tarar na Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyaɗa. Bambancin shi ne a Isra'ila ana ba jarirai wani abin ƙwalama na gyaɗa mai narkewa a baki, mai suna Bamba, tun kafin su cika shekara.

Daga nan suka gwada abin kai tsaye. Sun ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11 masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai, suka raba su biyu: wasu ana ba su gyaɗa a kai a kai, wasu an hana su. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna da suka kai shekara biyar, kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin gyaɗa, a waɗanda aka ba kuwa kimanin kashi 3 ne kawai. Zuwa 2017 hukumomin lafiya na Amurka sun sauya shawararsu gaba ɗaya.

Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne garkuwar jiki na koyon abinci ta ƙofa biyu. Abin da ya shigo ta baki ya bi hanji, garkuwa kan karɓe shi a matsayin baƙon arziki. Abin da ya ratso ta tsagaggiyar fata, kamar ɓurɓushin gyaɗa a hannun mai raino ko man gyaɗa da aka shafa, garkuwa kan ɗauke shi ɓarawon da ya hauro katanga, ta riƙe shi a zuciya. Yaron da fatarsa ke a buɗe, kuma aka hana shi ci, an rufe masa ƙofar gaba an bar ta baya.

Wannan darasi ya shafi ƙasar da aka taɓa tara dalar gyaɗa a Kano, inda kunun gyaɗa ke cikin abincin yaye, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kuma ba sa yankewa a gida. Al'adar ba yaro kunun gyaɗa mai laushi bayan ya cika wata shida yana shan nonon uwa zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ba abin gudu ba ce. Abin gudun shi ne shafa man gyaɗa a kan ƙuraje. Sharuɗɗa biyu ne kawai: ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa saboda shaƙewa, kuma jaririn da ekzimarsa ta yi tsanani ko ya taɓa yin bori da wani abinci, likita ya fara ganinsa kafin a gwada.

Gwajin jini ba hukunci ba ne

Iyaye masu hali kan nemi a yi wa yaro gwajin jini na alaji, takarda ta fito da jerin abinci goma da aka ce jikinsa ba ya so. Abin da gwajin ke aunawa shi ne wani sinadarin garkuwa mai suna IgE, kuma samunsa a jini na nufin garkuwa ta san abincin ne, ba lallai tana faɗa da shi ba. Masu ekzima sukan sami wannan sinadari da yawa ko da suna cin abincin lafiya lau.

A Afirka ta Yamma akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta sama da 1,600 a Ghana ya tarar kashi 17.5 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu sun nuna alamar alajin gyaɗa, amma kashi 1.5 ne kacal suka ce gyaɗa na yi musu wani abu. Masu binciken sun danganta wannan giɓi da tsutsar tsargiya, wadda jikinta ke ɗauke da sinadarai masu kama da na tsirrai, sai gwajin ya ruɗe. Yaron da ke shan kunun gyaɗa kullum ba tare da komai ya same shi ba, ba shi da alajin gyaɗa, ko me takarda ta ce.

Abin da hanawar ke ci

Cire abinci daga kwanon yaro ba gwaji ne na kyauta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Ƙwai da madara da kifi da gyaɗa da awara su ne abinci masu gina jiki da talaka da ma'aikacin gwamnati ke iya saya. Ita kanta madarar tamowa da ake rabawa a asibitoci da gyaɗa da garin madara ake haɗa ta. Wanda ya kwashe waɗannan duka ya bar yaro da hatsi zalla, yana iya kai shi ga wani ciwon fatar da ya fi na farko: rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin zink na sa fata ta yi duhu tana saɓulewa, gashi ya yi ja ya karye, rauni ya ƙi warkewa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika sani ba. Wani bincike a Amurka a 2016 ya gano cewa cikin yaran da aka cire wa abinci saboda ekzima, waɗanda a da suke ci ba tare da bori ba, kusan ɗaya cikin biyar sun koma yin alaji na gaggawa lokacin da suka sake cin abincin. Doguwar rabuwa ta sa garkuwa ta manta da sabon da ta yi.

Saboda haka likitocin fata kan fara ne da gyaran katanga. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na minti biyar zuwa goma, ba tare da dirza da soso ba. A bar zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bahon wanka da amfani da sabulai masu magani ko turare, domin ƙara busar da fata suke yi. Da an tsane jiki, tun da sauran danshi, a shafa mai mai kauri mara ƙamshi, basilin ko man kaɗanya tsantsa, aƙalla sau biyu a rana, da hunturu fiye da haka. A yanke farce, a sa tufafin auduga. Inda ciwon ya tashi, likita kan rubuta man sitiroyid mara ƙarfi irin haidurokotizon na 'yan kwanaki, kuma idan aka bi ƙa'ida ba abin tsoro ba ne.

Abin tsoron shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kemis da kasuwa ba tare da takardar likita ba, waɗanda ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol. Suna kwantar da kowane irin ƙurji cikin kwana biyu, shi ya sa suke da farin jini, har wasu iyaye na cakuɗa su da man shafawar jariri don ya yi haske. A kan maƙero da ƙazuwa ɓoye ciwon suke yi yana ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi, har ya sauya kama ya wahalar da likita wajen ganewa. A fatar jariri kuma suna sirantar da ita, suna shiga jini, idan aka daɗe suna iya taɓa girman yaron.

Sai idan an yi wannan kulawa yadda ya kamata na 'yan makonni fatar ta ƙi lafawa, ko akwai alamun ciki irin waɗanda aka ambata, sannan ake waiwayar abinci. Ka'idar ita ce abinci ɗaya a lokaci ɗaya, na makonni biyu zuwa huɗu, da sanin likita, tare da maye gurbinsa da wani mai gina jiki. Idan ba a ga canji ba a mayar da shi. Idan an gani, a sake ba yaron a ga ko ciwon zai dawo, domin ekzima na tashi tana kwantawa da kanta, kuma sauƙin da aka gani yana iya zama na wucewar hunturu ne. Wannan mayarwa ba a yin ta a gida ga yaron da ya taɓa kumburi ko sarƙewar numfashi. Nonon akuya ba ya maye gurbin na shanu, furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Mai shayarwa kuma ba ta daina shayarwa, ba ta kuma hana kanta abinci sai da umarnin likita.

Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sashen masu ciwon fata, kuma likitan yara na babban asibiti zai iya tura mutum can. Yana taimakawa a tafi da dukkan mayukan da aka shafa, da hotunan ƙurajen a ranar da suka fi tashi, da ɗan rubutun abin da yaro ya ci da lokacin da abin ya bayyana. Ba a jiran ranar asibiti idan ƙurajen sun fara fitar da ruwa da ɓawo mai launin zuma, ko suka rikiɗe zuwa ƙananan ramuka masu zafi tare da zazzaɓi, musamman kusa da ido.

Ko an tabbatar da alajin, ba a rufe littafi. Mafi yawan yara kan rabu da na madara da na ƙwai yayin da suke girma, don haka likita kan sake gwadawa lokaci zuwa lokaci. Na gyaɗa ya fi naci: kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi.